Da ɗan gari akan hau tsauni

Mu mutanen unguwar Zariya ta Maradi hawa ɗaya muka sani, wanda ake yi daga bakin gulbi zuwa tudu. Kakanninmu sun yi shi da kaya a ka a 1945, shekarar da ruwa ya ci tsohon gari aka komo sama, mu kuma kullum muna yin sa a kan babur ba mu ma lura ba. Ban da wannan, ko'ina ka duba shimfiɗa ce. Ka nufi Tibiri ko ka nufi Jiratawa, idonka zai yi ta tafiya bisa gero da gawo har inda sama ta kife a kan ƙasa. Garin duka bai kai mita 400 bisa teku ba. Dutsen da ya fi tsawo a Nijar yana Bagzan cikin Abzin, mita 2,022, kuma yawancinmu a littafin lakwal muka san shi.

Da irin wannan ido na sauka Jeneba a wani watan Yuli, don taron kwana huɗu a kan noman rani. Da aka tashi, wani abokin aiki ɗan ƙasar Suwis, wanda ya taɓa zama da mu a Jiratawa ya ci tuwonmu har ya iya gaisuwa, ya ce ba zai bari in koma ban ga garin kakarsa ba. Muka shiga jirgin ƙasa, muka bi bakin tafki, muka shiga kwarin kogin Rhône har garin Visp. A can muka canza zuwa wani ɗan jan jirgi mai haƙora a ciki, wanda ke cizon wani ƙarfe da aka shimfiɗa tsakanin layuka biyu in hawa ya yi tsanani. Tun 1891 wannan hanya take aiki. Ta taga na riƙa hango wasu siraran magudanai manne da jikin dutse, na tambaya, aka ce ruwan ƙanƙara ne manoman yankin suke jawowa tun ɗaruruwan shekaru, domin kwarin nasu na da ƙarancin ruwan sama. Kowane gida da ranarsa da sa'arsa ta ban ruwa, kamar dai yadda muke rabo a fadamarmu. Tun daga nan na fara jin ƙasar ba ta yi mini nisa sosai ba.

Zermatt yana ƙarshen kwarin, wajen mita 1,600 bisa teku. Motar mai ba ta shiga, a ƙauyen Täsch ake barin ta, sai ƴan ƙananan motocin lantarki da keken doki. Mun iso girgije ya rufe sama, ban ga komai ba. Rana ba ta faɗi ba sai bayan tara na dare, na yi magariba ina ta duba agogo. Da asuba bayan na idar da salla na buɗe taga, sanyi ya mare ni, sai na gan shi. Gari na cikin duhu, amma can sama, inda a wurinmu tauraro kaɗai ke zama, wani tsinin dutse ya kama wuta ja wur. Hasken ya riƙa gangarowa a hankali kamar ana zuba masa manja daga ka. Shi kaɗai yake tsaye, ba abokin jingina, ɗan kansa a karkace kamar na raƙumin da ya ji ƙamshin ruwa. Shi ne Matterhorn, mita 4,478. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Amma abin da ya buɗe mini labarin wurin yana ƙasa, a wani lungu bayan manyan otal-otal. Tsofaffin rumbuna ne na katako, sun yi baƙi ƙirin don tsufa, kowanne a ɗage bisa ƙafafu, kuma tsakanin ƙafa da rumbu an saka faffaɗan dutse kamar faifai don kada ɓera ya hau. Duk wanda ya taɓa ɗora rumbun gero bisa duwatsu ya san abin da wannan yake nufi: mutanen da suka gina su sun san yunwa, sun san ƙidayar damma kafin kaka ta zagayo. Abokina ya ce haka ne. Kafin baƙi su fara zuwa, mutanen nan talakawa ne liƙis, ƴan shanu kaɗan, awaki, hatsin da ƙasa mai sanyi ta yarda ta bayar, da cuku. Ƙanƙara ta rufe su wata da watanni. Ƙololuwar tsauni kuwa ba su da abin nema a can. Babu ciyawa, babu itace, kuma tsofaffi na cewa mazaunin iskoki ne. Wanda ke hawa sama sosai mutum uku ne: makiyayi mai bin dabbar da ta ɓata, maharbin akuyar dutse, da mai tonon duwatsu masu ƙyalli yana sayarwa.

Daga cikin waɗannan ukun aka sami jagororin farko. Wani malamin kimiyya ɗan Jeneba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada tun 1760 ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowanne a jerin Alp. Shekara ashirin da shida ba wanda ya ci ladan, sai ran 8 ga Agusta 1786 wani maharbi mai tonon dutse, Jacques Balmat, da likitan garin Chamonix, Michel-Gabriel Paccard, suka kai. Da shekara ta zagayo Saussure ya hau da kansa, da jagorori goma sha takwas suna ɗauke da kayan awonsa. A 1811 wasu ƴan'uwa biyu masu arziki daga garin Aarau, ƴan gidan Meyer, suka hau Jungfrau. A littattafai da yawa nan zancen yake tsayawa, alhali tare da su akwai maharba biyu daga wannan yanki na Valais, Alois Volker da Joseph Bortis, waɗanda ƙafarsu ta san ƙanƙara. Na rubuta sunayensu a takardata sau biyu don kada in manta.

Kasuwar ta buɗe sosai da zuwan Ingilishi. Lauyoyi, limaman coci, malaman jami'a, masu kuɗi da hutun bazara, suka riƙa kwararowa, har suka kafa ƙungiyar mahaya tsauni a Landan a 1857, shekara shida kafin ƴan Suwis su kafa tasu a 1863. Tsakanin 1854 da 1865 aka hau yawancin manyan ƙololuwan Alp karo na farko. Tsarin kusan ɗaya ne kowane lokaci. Baƙo ya zo da kuɗi da buri da alƙalami. Ɗan gari ya shiga gaba da gatari, yana sara matakala a jikin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ɗaruruwa a yini guda, yana caka sanda don gano inda dusar ƙanƙara ta rufe bakin rami, yana duban gajimare yana karanta abin da zai faru bayan azahar. In an sauko baƙo ya koma Landan ya rubuta littafi.

Cikin mutanen nan wanda ya fi shiga raina shi ne Christian Almer na Grindelwald, makiyayi mai yin cuku, haifaffen 1826. A 1854 ya ji wani Ba'ingile, Alfred Wills, zai hau Wetterhorn, tsaunin da ke bisa garinsu, da jagorori yawancinsu daga wasu wurare. Kishin gari ya ɗebe shi, ya saɓa ɗan itacen da ya sara a kafaɗa ya bi bayansu don ya kafa shi a ƙololuwa kusa da tutarsu. Suka haɗu a hanya, aka ɗan yi cacar baki, aka shirya, aka ƙarasa tare. Daga ranar ya zama jagora. Shi da Peter Bohren suka kai Charles Barrington kan Eiger a 1858. A 1885 sanyi ya cinye masa ƴan yatsun ƙafa a Jungfrau aka yanke su, bai daina ba. Da aurensa ya cika shekara hamsin a 1896, yana da shekara saba'in, ya kama hannun matarsa suka hau Wetterhorn tare. Akwai kuma Melchior Anderegg na Meiringen, masassaƙi, wanda ya yi shekaru yana jagorantar Lucy Walker har ta zama mace ta farko da ta hau Matterhorn a 1871.

A hanyarmu ta komawa mun tsaya St. Niklaus, wani ƙauye a cikin kwarin, inda aka yi wa jagorori gidan tarihi nasu. Gidajen Knubel da Lochmatter da Pollinger da Imboden sana'ar gado ce a wurinsu, uba ya koya wa ɗa, kamar gidan maƙera. Kowane jagora yana da ɗan littafi da hukuma ta buga wa hatimi, wanda duk baƙon da ya yi tafiya da shi zai rubuta shaidarsa a ciki. Littafin nan shi ne jarinsa. Abin ya tsaya mini a rai: mutumin da ya riƙe ranka a hannunsa yini guda, da yamma shi ne zai miƙo maka littafi yana jiran ka rubuta ko ya iya aikinsa, sau da yawa ma cikin harshen da ba ya karantawa. Daga baya duniya ta neme su. Peter Knubel na wannan ƙauye yana cikin waɗanda suka fara taka ƙololuwar Elbrus mafi tsawo a 1874. Matthias Zurbriggen na Saas-Fee ya kai kan Aconcagua a Amurka ta Kudu shi kaɗai a 1897, bayan ubangidansa ya gaza, ya kuma ƙare rayuwarsa cikin talauci a Jeneba a 1917. Kamfanin jirgin ƙasa na Kanada ya ɗauko jagorori daga Suwis a 1899 don su riƙa kai baƙinsa tsaunuka.

Amma in koma Zermatt, ga igiyar hawan farko na Matterhorn. Tana cikin gidan tarihin garin, a ƙarƙashin ƙasa kusa da coci, kwance cikin gilashi. Na zaci zan ga wani abu mai kauri. Wallahi igiyar gugan rijiyar gidanmu ta fi ta. Bakinta a tsefe yake inda ta tsinke.

Edward Whymper mai zanen hotunan littafi ne ɗan Landan, yana da shekara ashirin da biyar a 1865. Tun 1861 yake kai wa Matterhorn hari ta ɓangaren Italiya yana dawowa, sau da yawa tare da Jean-Antoine Carrel, tsohon soja ɗan kwarin Valtournenche, wanda shi ma ya ɗauki tsaunin nasa ne kuma yana son ƴan ƙasarsa su riga kowa. A Yulin 1865 Carrel ya tafi da ƴan Italiya ya bar shi. Whymper ya tsallako Zermatt a fusace, a nan aka haɗa ayari cikin gaggawa, mutum bakwai: shi, da limamin coci Charles Hudson, da Lord Francis Douglas ɗan shekara goma sha takwas, da Douglas Hadow ɗan shekara goma sha tara wanda bai goge da hawa ba, da jagora Michel Croz na Chamonix, da Peter Taugwalder na Zermatt da ɗansa mai sunansa. Ran 14 ga wata bayan azahar suka kai. Suka hango su Carrel can ƙasa ta ɗaya gefen, suka yi ihu suka gangara duwatsu don a san an riga su. Rigar Croz aka ɗaura a sandar tanti ta zama tuta.

A saukowa Croz ne a gaba, sai Hadow, sai Hudson, sai Douglas, sai tsoho Taugwalder, sai Whymper, sai Taugwalder ƙarami, duk a ɗaure da juna. Croz ya ajiye gatarinsa yana kama ƙafafun yaron nan Hadow da hannu yana saka masa su a inda zai taka. Ku dubi wannan aiki. Sai Hadow ya zame ya banke shi, nauyinsu ya fizgo Hudson, ya fizgo Douglas. Tsoho Taugwalder ya rungume dutse ya tokare, igiyar da ke tsakaninsa da Douglas ta miƙe ta tsinke. Mutum huɗu suka gangara sama da mita dubu zuwa gulbin ƙanƙarar da ke gindin tsaunin. An tsinci uku. Gawar Douglas har yau ba a gan ta ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Aka yi bincike, hukuma ba ta sami kowa da laifi ba. Amma igiyar da ta tsinke ita ce mafi siranta cikin ukun da suka ɗauko, kuma Whymper ya bar tambayar dalilin haka a rubuce inda duk Turai za ta karanta. Tsegumi ya ƙara nasa, aka ce tsohon yanke ta ya yi don ya tsira. Mutumin da tokarewarsa ta hana sauran biyun bin sahu, shi aka bari da tabo. Ba shi da Ingilishi, ba shi da mai buga masa littafi. Baƙi suka guje shi, har ya yi ƴan shekaru a Amurka, ya dawo ya rasu a 1888. Ɗansa ya ci gaba da sana'ar, ya hau tsaunin nan fiye da sau ɗari. Carrel kuwa ya kai ƙololuwa ta ɓangaren Italiya kwana uku bayan su Whymper, daga baya ma suka shirya suka tafi Amurka ta Kudu tare suka hau Chimborazo a 1880. A 1890 guguwar ƙanƙara ta rutsa shi a Matterhorn da wani baƙo. Ya sauko da mutanensa lafiya ta duk wuraren haɗari, da suka iso inda ƙafa ke iya tafiya ba fargaba sai ƙarfinsa ya ƙare, ya cika a wurin. Daga 1865 zuwa yau tsaunin ya ci fiye da mutum ɗari biyar, kuma maƙabartar da ke bayan cocin cike take da sunayen samari daga ƙasashe iri-iri. Kabarin Croz yana nan, na tsaya a kansa.

Ina tsaye a wurin tunanina ya komo gida. A daidai zamanin nan ne Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ƙasarmu. A Yulin 1850, kusa da Ghat, ya ƙudura sai ya hau dutsen Idinen. Buzaye suka ce gidan aljannu ne, ba wanda ya yarda ya raka shi. Ya tafi shi kaɗai, ya ɓata, ruwansa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa, sai wani Buzu a kan raƙumi ya bi sawunsa ya tsinto shi yana gab da mutuwa. Bayan wannan a inuwar ayarin gishiri na Annur, shugaban Kel Owey, ya gangaro har Tasawa a Janairun 1851, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuma ya karkato Maradi da Gobir. Taswirar da aka kai Turai sunansu ke kanta. Hanyar kuwa ta madugai ce da jagabansu, waɗanda suka san rijiyar da ke da ruwa a wane wata, da zangon da ake kwana da wanda ake wucewa da dare. Kakana na wajen uwa jagaba ne, ya yi Kano ya yi Agadas da jakuna, kuma ko a takarda ɗaya ba a rubuta shi ba.

Kwana na uku abokina ya ɗauko mana jagora, wani dattijo mai furfura da fuska kamar tsohuwar fata, ba shi da yawan magana. Muka shiga akwatin ƙarfe mai tafiya a jikin waya, ya ɗaga mu bisa gulbin ƙanƙara har tashar Klein Matterhorn, mita 3,883. Ina fitowa na ji iska ta yi ruwa-ruwa, ina ja ba ta cika ƙirji. Fari ko'ina, mai kashe ido, sama kuma shuɗiya har tana neman yin baƙi kamar rinin Kura. Nufinmu Breithorn, wanda ake cewa shi ne mafi sauƙi cikin masu mita dubu huɗu. Dattijon ya durƙusa ya ɗaura mini ƙarafa masu haƙora a takalmi, ya ɗaura igiya a ƙuguna, ya ja kullin ya duba, ya sake dubawa. Cikin Faransanci ya ce in taka inda ya taka, kada in bar igiya ta ja ƙasa, kada kuma in matso kusa da shi. Na tambayi dalili. Ya nuna shimfiɗar da ke gabanmu, sumul kamar an share tsakar gida, ya ce akwai tsaga a ƙarƙashi da za su haɗiye gida mai bene, in ɗaya ya rufta sauran ne turkensa.

Mun yi tafiya fiye da awa ɗaya. Ba ƙara sai ƙurus-ƙurus ɗin ƙanƙara da bugun zuciyata a kunne. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya, amma duk lokacin da numfashina ya sarƙe sai in ga ya rage sauri, ta igiyar yake ji na. Da muka iso gindin hawa na ƙarshe ya tsaya, ya dubi leɓɓana, ya dubi wani ɗan gajimare da ke tasowa ta wajen Italiya, wanda ni ban ɗauke shi bakin komai ba. Ya ce mu juya. Ƙololuwar na nan a gabana, ina ganin mutane a kanta ƙanana kamar tururuwa. Abokina ya roƙe shi, ya girgiza kai, ya riga ya fara naɗe igiya. A komowa ya sa ni gaba, shi ya koma baya. Kafin mu shiga tasha farin hazo ya rufe wurin da muka tsaya, ko tafin hannunka ba ka gani sosai.

Na dawo Maradi damina ta kankama, gero ya kai gwiwa a hanyar Tibiri. Da daddare na je gaida Kawu, ɗan jagaban nan, yana kan tabarmarsa a ƙofar gida. Na ba shi labari tun daga rumbuna har igiyar cikin gilashi, na nuna masa hoton Matterhorn a waya. Ya dubi tsaunin kaɗan ya miƙo mini. Da na zo wurin da dattijon ya ce mu juya, sai ya gyara zama.

"Kuma ka juya?"

"Na juya, Kawu."

"Ba ka yi masa gardama ba?"

"Ban yi ba."

Ya ce kakana ya taɓa mayar da ayari baya kwana biyu daga wata rijiya don ya ga sawun da bai gamshe shi ba, fatake suka yi ta zaginsa har gida, shekara guda wasu ba su gaishe shi ba. Ya yi shiru. Can ya ce in sake faɗa masa sunan tsohon nan da aka ce ya yanke igiya. Na faɗa. Ya gwada, harshensa ya ƙi, ya ce in maimaita a hankali. Sai da muka yi sau huɗu kafin ya kama shi, sannan ya aiki yaro ya kawo mana fura.